Baftismar da Ba a Yi wa Babana Ba

Mu 'yan ƙasar Zuru ne, noman albasa ya kawo babana Jega tun ban san kaina ba. Inna Kirista ce tun tana yarinya, a rafin ƙauyensu aka yi mata baftisma. Baba kuwa yana zuwa coci, yana zama a bencin baya, amma duk shekarar da aka buɗe ajin baftisma sai ya noƙe. Yana shan burkutu, kuma ya san kowa ya sani. "Bari in gyara halina tukuna," haka yake ce wa Inna. "Ba a shiga ruwan Allah da ƙazanta."

Inna takan ce, "Maigida, ai mai dauɗa shi ka wanka."

Sai da furfura ta cika masa kai, ni har na yi aure a Maiyama, sannan ya bar sha don kansa, ya shiga aji tare da yaran da ya yi jika da su. Na taɓa zuwa gida na iske shi a zaure yana maimaita abin da fasto ya koya musu: shiga ruwa binne tsohon mutum ne tare da Yesu, fitowa kuma tashi ne da sabon rai. Ya dube ni yana dariya, ya ce, "Ɗiyata, ashe jana'izata za ku zo, kuma in ci shinkafa tare da ku." An sa za a yi baftismar ranar bikin Ista, a gulbin da ke gefen gari. Inna ta ɗinka masa farar riga.

Ana saura 'yan makonni, motar albasa ta faɗi da su tsakanin Aliero da Jega. Buhuna suka danne shi, ƙashin bayansa ya karye. Aka kai shi gidan wani mai ɗori a Aliero, malami ne mai almajirai, ya ba mu ɗaki a cikin gidansa. Ya duba Baba, ya kira ni gefe ya ce, "Wanga ya fi ƙarfin hannuna. Kar a ɗaga shi, kar a motsa shi."

Cocinmu ba ta san baftismar yayyafi ba, sai nutsarwa gaba ɗaya. Da fasto ya zo dubiya, Baba ya kama hannunsa ya ce, "Fasto, ko da kofi guda ne, zuba mini."

Fasto ya ce, "Baba, ruwa ba ya ceto. Shaida ce ta abin da ya riga ya faru a zuciya. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji bai taɓa ruwa ba, kuma an karɓe shi."

"Shi ba a ba shi lokaci ba," in ji Baba. "Ni an ba ni, na ɓatar."

Fasto ya ce zai kai maganar gaban dattawan coci. Suka zauna, suka tashi, suka sake zama. Wasu suka ce in aka buɗe wannan ƙofa ba za ta rufu ba. Wasu suka ce a jira ya samu sauƙi. Kullum Baba yana tambayata ko an aiko, ni kuma ina ce masa gobe. Ista ta zo ta wuce, aka yi wa 'yan ajinsu baftisma, ba mu gaya masa ba, amma ya sani, don ranar bai karɓi ko kunu ba.

Da dattawa suka yarda, fasto ya zo da hantsi a kan babur. Malam mai ɗori da kansa ya wanke ƙwarya ya cika ta da ruwan randa, ya miƙo ya fita. Amma tun jiya Baba ya daina magana. Fasto ya durƙusa, ya tambaye shi ko ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Ya sake tambaya da ƙarfi. Idon Baba a buɗe, ba ya kallon kowa.

"Ni na ji shi yana faɗa," in ji Inna. "Fasto, na amsa masa. Zuba!"

Fasto ya riƙe ƙwaryar. Ya ce dole mutum ya amsa da bakinsa. Ya ajiye ta, ya yi addu'a yana kuka. Baba ya cika bayan azahar.

A wurin binnewa an yi wa'azi mai kyau, an ce bangaskiyarsa ta isa. Na yarda da haka a kaina, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya ba, don ba ceto kaɗai yake nema ba. So yake ya tsaya gaban mutanen da suka san shi da maye, su ga an binne wancan mutumin.

Inna ba ta bar coci ba, amma ba ta ƙara zuwa bakin gulbi ranar baftisma ba. Yanzu tana wajena a Maiyama, ido ya tafi, tunani ma ya fara tafiya. Wani lokaci takan kira ni ta tambaya ko dattawan sun gama zama, sai in ce mata ba su gama ba tukuna.