Hannun Shittu Mai Giris

Tun yana saurayi hannun daman ƙanena Shittu bai rabu da baƙi ba. Aikinsa ke nan, ɗura giris a gaɓoɓin manyan injuna: tantan ɗin manoman Taloka, katafilar da ke yashe magudanan ruwa a Goronyo, har motocin aikin hanya da suka taɓa yada zango a Rabah. Shi ba direba ba, shi ba bakanike ba. Shi ne mai kwanciya ƙarƙashin ƙarfe da sassafe kafin a tada inji, yana bin gaɓa-gaɓa da famfon giris har tsohon ya tuttuɗo, sabon ya zauna.

Halinsa ɗaya da ke ba ni haushi tun muna yara: bai yarda da idonsa ba, komai sai ya shafa. Zai ɗora tafin hannu kan ƙarfe ya ce wannan ƙishi yake ji. Ko albasa zai saya a kasuwa sai ya latsa ta ya bar mata tambari.

Matarsa Husainatu ta yi yaƙi da hannun nan har ta gaji. Ta gwada kananzir, ta gwada toka da yashi, a banza. Daga ƙarshe ta ware masa kwanonsa daban.

"Malam," takan ce, "ni ko ranar aurenmu ban ga kalar tahin hannunga ba."

"Ki yi addu'a kar ki gani," yakan amsa yana dariya. "Ran da yay yi hwari, tukunyarki ta sauka."

Ranin bara, lokacin da albasa ke neman ruwa, ɗan kwangilar da yake wa aiki ya kawo sabon famfo mai aiki da iska. Shittu ya ji daɗinsa, don kafaɗarsa ta huta. Wata safiya tiyon ya fara tsiyaya, shi kuwa maimakon ya kashe famfon ya duba, sai ya bi tiyon da tafin hannu yana neman hujin. Ya ji abu ya soke shi. Da ya goge wurin, ɗan ɗigo ne kamar bakin allura, ko jini bai yi ba.

Bashar, direban katafilar da Shittu ke wa giris ranar, ya sauko ya kama hannun. "Baba Shittu, aje aikinga ka tahi Sakkwato yanzu. Na taɓa ganin irin wanga, giris ɗin ciki yash shiga."

"Mi zan ce ma likita? Ƙayar aduwa ta hi wanga ciwo."

Manoma na tsaye bakin magudana suna jiran ruwa. Ya ɗaure hannun da tsumma ya ƙarasa aikinsa.

Hannu ya kumbura. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, jini ya fito haɗe da maiƙo, kowa ya ce ai dafin ya fita. Aka shafa man shanu, aka yi tofi. Ni ina Wurno gidan aurena ba wanda ya gaya min, sai da zazzaɓi ya kwantar da shi Husainatu ta kira ni tana kuka. Da na iso, tun daga bakin ɗakin wari ya tare ni. Ban ko gaishe shi ba, na fita neman mota, kuma har muka isa Sakkwato ban daina yi masa faɗa ba, don in na yi shiru kuka zan yi.

Likita ya kwance tsumman ya daɗe yana dubawa. Ya ce giris ɗin ya bi ta cikin nama har wuyan hannu, naman ya mutu, da ranar da abin ya faru aka zo da an buɗe an wanke. Yanzu ko hannu ko rai.

Ban taɓa ganin Shittu yana roƙon mutum ba sai ranar.

"Likita, don Allah bar min ko babban yatsa da manuni. Da hannunga nika ci, da shi nika gaisawa da mutane. In ba shi, wa zai ba ni ƙarhe in taɓa?"

Likita ya girgiza kai. Shittu ya juyo gare ni: "Yaya, mai da ni gida, a sake gwada ƙaho." Ya yunƙura zai sauka daga gadon. Na danne kafaɗarsa na ce ba inda za shi, ya yi min kallon da har gobe ba zan manta ba.

Kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, wata nas ta zo da ruwan magani da buroshi ta wanke hannun a hankali. Baƙin shekaru ya riƙa sauka cikin kwano. Ta gefen da bai mutu ba fata ta bayyana ja-ja, har da tabon ƙunar da ya samu a murhun innarmu yana rarrafe, wanda ni kaina na manta da shi.

Shittu ya miƙa wa matarsa hannun. "Ga shi, Husainatu. Dibi da kyau."

Ta tallabe shi da hannu biyu, ta kasa ɗago kai.

"Ni ban son gani, Malam," ta ce. "A mayar mai da baƙinshi."