Giddu Sobhi da Bangon Gidanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Nuwamba, 2024, bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran kakana, Hajji Sobhi Abdul-Maula, tsohon direban taragon cikin gari kuma mai gidan benen nan na bayan kasuwar kifi a unguwar Bahari, Iskandariyya. Ni ce Shuruƙ, jikarsa. Karatuna bai wuce firamare da nisa ba, kuma ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Giddu, haka muke kiranka, kuma haka zan ci gaba da kiranka. Mutanen layi suna ce maka mai bene, suna zaton kana da dukiya. Mu da muke ci a kwano ɗaya da kai mun san gidan gado ne daga mahaifinka, kuma tare da 'yan hayarsa ka gaje shi. Suna zaune a kan tsohuwar dokar haya, wadda ta hana mai gida ƙara kuɗi, ta hana shi tashin kowa. Abin da ɗaki guda yake biya a wata ba ya sayen wake da burodi na karin safe. Duk da haka da hannu biyu kake karɓa, ka yi godiya, ka tambayi lafiyar yara.

Kowace shekara kafin hunturu, lokacin da ake ruwan sama a garinmu, kana hawa rufin da bokitin kwalta da ka saya da kuɗin fanshonka. Kafin gwiwarka ta gaza, kai kake ɗaukar wa Ummu Girgis, wata Kirista cikin 'yan hayarka, tukunyar gas har hawa na uku, domin mijinta ya rasu kuma ɗanta yana ƙasar waje, ba ya aike. Ranar bikinsu na Ista takan aiko mana da kifi mai gishiri. Ba ka son warinsa, amma sai ka ci a gabanta kana yabawa, idan ta fita ka ce mu buɗe tagogi da sauri. Ni kuma, da na daina zuwa makaranta saboda jinyar Mama, kowa yana ce mini bebiya don ba na magana. Kai kaɗai ba ka taɓa matsa mini ba. Kakan ce in zauna kusa da kai, shiruna yana hutar da kunnenka.

Shekara biyu da suka wuce ka nuna mini tsagar da ke bangon ƙarƙashin matakala. Ka sayo gibs, farin garin nan da ake ɗora karaya da shi a asibiti, ka kwaɓa, ni ina riƙe da kwanon ruwa. Ka manna shi gunduwa-gunduwa a kan tsagar, ka ce idan bangon yana tsaye, gibs ɗin zai zauna lafiya, idan kuma yana motsi, zai dare. Tun daga lokacin, duk ranar Juma'a muna sauka mu duba. Wani lokaci lafiya lau. Wani lokaci mu ga siririn layi kamar gashi, sai ka kankare, ka manna sabo.

Ka tara 'yan haya a bakin ƙofa, ka roƙe su a haɗa hannu a gyara ginshiƙan, tunda kai kaɗai ba za ka iya ba. Kowa a garin nan ya san idan hukuma ta ce a rushe gida, tsohuwar haya ta mutu tare da shi, filin kuma ya koma hannun mai shi. An sha jin labarin masu gidaje da ke sakin ruwa a gindin gini da gangan don su kai ga haka. Saboda haka ba wanda ya yarda da kai. Ustaz Hilmi na hawa na biyu, tsohon malamin lissafi, ya yi dariya ya ce, "Ya Hajji, bangon ma ka koya masa kuka? Ka bari in mutu tukuna, ba zan daɗe ba, sai ka sayar wa masu otal." Aka kwashe da dariya. Kai ma ka yi murmushi, amma ranar ba ka ci abincin rana ba.

Ammu Magdi, ƙanen mahaifina, ya sha gaya maka ka kai rahoto ofishin gunduma a turo injiniya, magana ta ƙare. Ka ƙi, ka ce takardar da za ta fito a titi za ta zubar da mutanen da ka yi wasan ƙasa da iyayensu. Ya ce to ka taso mu koma wurinsa a sabuwar unguwa. Nan ma ka ƙi. Ka ce ranar da mai gida ya kwashe iyalinsa, kowa zai ce ya gama shirinsa ne, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara saurarar gargaɗinsa. Ka zauna a hawa na huɗu, ƙarƙashin rufin da ke yoyo, kana kwana a kan bangon da ka fi kowa tsoro.

Giddu, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru ranar zaman makokinka. Mutane sun cika gidan, suna hawa suna sauka tun safe. Da rana na ga farin gari a kan matakalar ƙasa. Na leƙa. Duk gibs ɗin da muka manna ya dare, ɗaya ma ya faɗo. Na sa yatsana a tsagar, ya shige gaba ɗaya.

Na gaya wa Ammu Magdi a kunne. Ya ce to, Allah ne ya kawo ƙarshen abin, shi zai kai rahoton da ka ƙi kaiwa, mu kuma mu fara ɗaure kaya. Ba mugu ba ne, ya gaji ne, kuma yana da 'ya'ya mata da zai aurar. Na tsaya a ƙofar Ustaz Hilmi, muryata ta ƙi fita, sai bango kawai nake nunawa. Ya dafa kaina ya ce Allah ya jiƙan Hajji, ya bar almajira mai hazaƙa. Ya rufe ƙofa a hankali.

Sai na hau wurin Ummu Girgis. Na kama hannunta na yi ta ja. Ta biyo ni tana dafa bango, tana ce mini in yi sannu, ƙafafunta ba na budurwa ba ne. Da muka isa, ta duba tsagar, ba ta ko taɓa ba.

"Na gani, 'yata," in ji ta. "Ta ɗakin girkina ta fi wannan faɗi. Labule na sa na rufe ta."

Na tambaye ta me ya sa ta yi dariya ranar taron.

"Idan na ce gaskiya kakanki ya faɗa, ina zan je? Hilmi ma ya sani. Kakanki ya san mun sani. Bai taɓa tona mana asiri ba."

Na roƙe ta ta biyo mu gidan Ammu ko da na kwanakin ruwa ne. Ta ce da kai ne, Giddu, ka ce ta fita ta dawo, da ba ta ma kulle ƙofa ba. Amma yanzu tana tsoron ta dawo ta tarar da sabon kwaɗo, a ce ta bar ɗakin da kanta. Ta gwammace rufin ya same ta a kan gadonta.

Masunta sun ce guguwar da muke kira Tsintsiya tana tafe cikin makon nan, kuma bana ba wanda ya hau rufin da kwalta. Ina jin tsoro, Giddu. Idan mota mai nauyi ta wuce, sai in riƙe ƙofa. Idan cokali ya faɗi a ɗakin maƙwabta, sai in zabura. Ina tsoron mu zauna, ina kuma tsoron mu tafi mu bar su.

Ammu, na kasa faɗa maka baki da baki, don haka ga shi a rubuce. Ka tsaya a gaban liman da fada na cocin su Ummu Girgis da mutanen layi, ka ba su alkawarin cewa duk wanda ya fita saboda ruwa, ɗakinsa yana nan, kuma ba za a kai kowace takarda ba sai an zauna da su. Idan ka yi haka za su fito. Ni dai na gaya wa Mama ba zan shiga motar kaya ba sai Ummu Girgis tana cikinta. Ban taɓa yi mata musu ba sai jiya.

Allah ya jiƙanka, Giddu Sobhi. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya ba ka gida a Aljanna wanda ba za ka kwana kana sauraren bangonsa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da Ammu Magdi da iyalinsa, da tsofaffin abokan aikinka na tarago, da dukan mutanen gidanmu daga hawa na ɗaya har na huɗu, domin su ma sun yi rashi. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ka riƙe mana ginin nan har mu fito dukanmu, amin.