Shekarar da Na Sa 'Yan Kokawa Tsaron Baya

Ƙungiyar ƙwallon garinmu, nan kusa da Ɗanzomo, ba ta taɓa rasa masu cin ƙwallo ba. Ciwonta a baya yake. Mu ci biyu, a zura mana biyar. 'Yan bayanmu samari ne sirara masu kunya, in ɗan gaban abokan hamayya ya taho sai su matsa masa kamar sun haɗu da surukinsu a hanya. Ni ne koci, ba don na iya ba, sai don ni malamin firamare ne, kuma ni kaɗai ke da usur.

Filin da muke wasa na kawuna ne, aro ya ba mu. Ranar da 'yan Gagarawa suka zo suka yi mana ruwan ƙwallaye, ya sa aka kira ni ƙofar gidansa.

"Ɗana," in ji shi, "na ba ku wurin nan ne don ku ɗaga sunan gari, ba don baƙi su riƙa zuwa suna yi mana dariya ba. In 'yan Maigatari suka zo suka ci ku, riɗi zan shuka a ciki bana."

Kawu ba ya maimaita magana, kuma saura mako uku wasan.

Ina cikin wannan damuwa na ci karo da wani bidiyo a waya. Ƙwallon Amurkawa ce, irin wadda ake runguma a gudu da ita, 'yan wasan duk sanye da hular kwano. Wani koci mai furfura yana bayanin yadda ya gyara bayan ƙungiyarsa ta ƙwararru. Turancin nasa gudu yake, ko rabi ban kama ba. Amma idona ya ga ƙarti a jere, duk wanda ya taho da ƙwallo sai a kai shi ƙasa. Na ce wa kaina, ai wannan kokawa ce, mu kuwa a cikinta muka tashi. Har alli na ɗauka bayan an tashi daga makaranta, na cika allo da zane, ina jin na gano abin da duk Jigawa ba wanda ya sani.

Na je na lallashi 'yan kokawa huɗu. Babbansu ɗan dako ne a kasuwar Maigatari, mutum mai ladabi, ba ya gaishe ni sai ya rusuna.

"Malam, to mu mene ne aikinmu?" ya tambaye ni.

"Kada kowa ya wuce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na san dokar tamu ƙwallon ta hana kama mutum. Na faɗa musu, sau ɗaya, a tsaitsaye. Bidiyon kuwa sau bakwai na nuna musu. A wurin atisaye ba ɗan gabanmu ko ɗaya da ya yarda ya kusance su, daga nesa suke harba ƙwallo su juya. Ni kuma na ɗauki wannan a kan dabarata ce take aiki.

Ranar wasa suka iso da makaɗinsu, don ɗan kokawa ba ya shiga fili ba kiɗa. Ban hana ba, daɗi ma na ji. Kawu ya sa aka kawo masa kujera gindin dalbejiya. Minti goma na farko 'yan Maigatari sai kallon mutanen nan suke suna ja da baya, ni kuwa ina kai da komo a bakin layi, hannu a baya, ina gyaɗa kai.

Can wani ɗan siririn ɗan gabansu ya yi ta maza ya shigo da ƙwallo har gaban raga. Makaɗi ya ɗaga kiɗa, ya soma yi wa babban nasu kirari. Na ga kafaɗun mutumin sun motsa, na san an gama. Ya sunkuya ya cafi ƙugun ɗan gaban, ya ɗaga shi, ya shimfiɗe shi a kan rairayi. Sannan ya yi abin da ya saba: ya kama hannunsa ya tashe shi, ya kakkaɓe masa jiki, ya ruga wurin makaɗi yana taka rawa. Rabin 'yan kallonmu har sun fara sowa kafin su tuna ƙwallo suka zo gani.

Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, ya ba da fenareti. Ɗan kokawar ya zo gabana yana haki, fuskarsa cike da mamaki.

"Malam, ba kaye mai kyau ba ne? Ko ƙafa ban sa masa ba."

Maimakon in rufe bakina, sai na juya na balbale sauran ukun da faɗa, na ce kada wanda ya ƙara taɓa kowa. Suka bi umarnina sau da ƙafa. Suka harɗe hannuwa a baya suka tsaya, 'yan Maigatari na kewaye su kamar bishiyoyi. Da aka zura ta huɗu, Kawu ya miƙe ya tafi. Aka tashi shida da ɗaya.

Da aka yi ruwan fari, ya aiko cewa a cire turakun raga, shanun huɗa na zuwa. Na je da safe ni kaɗai da ɗan gatari, don kunyar neman taimako nake ji. Sai na tarar da 'yan kokawar nan huɗu sun riga ni, ba wanda ya kira su.

"Malam, mu muka ɓata," in ji babban, "bar mu mu yi."

Kunya ta kama ni har wuya. Na ce masa laifin nawa ne, ya ɗauka kara nake yi masa. Kowa ya rungumi turke guda, suka tumɓuke su tashi ɗaya.

Mai tsaron ragarmu yana tsaye a gefe yana kallo, shi da ya shekara biyar tsakanin turakun nan. Ya ce, "Malam, yanzu a ina za mu riƙa yi?"

Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Damina uku ke nan. Har yau in muka haɗu sai ya tsaya ya gaishe ni, ya ɗan jira, ko zan ce wani abu.