Jar Kibiya a Kan Dutsen Niƙa

Ɗan kawuna ne ya kawo maganar wata Juma'a da la'asar, yana tsaye a tsakar gidanmu na Yerimaram a Potiskum da wani takalmi ruwan ɗorawa da ya ƙi cirewa ko da zai gaida Kaka. Taubashina ne, saboda haka ban taɓa ɓoye masa yadda nake kallon ƙungiyarsu ba. Samari ne kusan ashirin, duk Asabar su hau titin Damaturu da sassafe cikin riguna masu ɗame jiki, su yi gudu kaɗan, su yi hoto da yawa, su ƙare a teburin mai shayi. Shugabansu ɗan wani gidan 'yan kasuwa ne da kakansu ya zo daga Kano. Kyaftin suke kiransa, ban san rundunar da ya taɓa ja ba.

"Mun gaji da kwalta," in ji taubashina. "Kyaftin ya gani a waya, a ƙasashen waje kan duwatsu ake gudu, ta cikin tsofaffin garuruwa. Gudun tarihi za mu shirya. Ke kika san hanyar dutsen su Kaka."

Na san ta kuwa. Dutsen yana kudu da Potiskum, ta wajen Fika, kuma a samansa aka haifi Kaka kafin mutanensu su sauko ƙasa. Yanzu kufai ne: ragowar katangar dutse, gindin rumbuna, da wata kuka da ta girmi kowa. A bayan kukar matan garin suke kwance. Al'adarsu ita ce, idan mace ta rasu, a ɗauko dutsen niƙanta a kife shi a kan kabarinta. Ba tudun ƙasa, ba alama, sai wannan dutsen. Mahaifiyar Kaka tana can. Duk shekara bayan girbi nakan raka Kaka mu hau, a hankali, muna hutawa. Idonta ya yi rauni, ciyawa kuma takan sauya wa wurin kama, don haka ba ta neman kabarin da ido. Takan bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tura hannu ƙarƙashi ta shafa. Mahaifiyarta bahaguwa ce, ramin da niƙa ya ci a dutsenta ya karkata hagu. Idan ta same shi sai ta zauna ta yi addu'a, ta yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni kuwa a lokacin ina can ina kallon shirwa tana shawagi, ina haɗa baitoci a raina.

Na yarda da roƙon taubashina, kuma dole in faɗi dalili. Na ɗauka idan mutanen gari suka ga wurin za su so shi yadda nake son sa. Har na rubuta 'yan layuka da zan karanta musu a saman dutse.

Mako biyu kafin gudun na kai mutum biyar na nuna musu hanya. Kyaftin yana gaba da agogonsa mai ƙirga taku, yana sanar da mu adadin kamar labarin duniya. Ya ga katangar da mutane suka ɗora da hannu ba laka ba siminti, ya ce za ta yi kyau a bayan hoto. Da muka zo daidai kukar na tsaya na nuna.

"Bayan bishiyar nan makabarta ce. Don Allah hanyarku ta bi ta hagu."

"Babu damuwa, Malama," ya ce, yana gyara abin jin kiɗa a kunnensa. "Mu ma 'ya'yan Musulmi ne."

Ranar da suka koma sa alamar hanya ban bi su ba, ina makaranta.

Ranar gudun aka ba ni aikin zama a sama da buhun ruwan leda. Na fara hawa tun rana ba ta yi zafi ba. Dawa ta sunkuyar da kai a gonakin gindin dutse, raɓa tana jiƙa min bakin zane, ina ta maimaita layukana. A kwanar farko na ga alamarsu: dutse mai faɗi an tsayar da shi, an zana jar kibiya da fenti a fuskarsa. Har na ce a raina sun yi dabara. A kwana ta biyu na tsaya na duba da kyau. Fuskar dutsen sumul take, da rami a tsakiya irin wanda hannun mace kaɗai ke yi cikin shekaru. Na sa tafina a ciki. Fentin bai gama bushewa ba a can ƙasan ramin.

Goma sha ɗaya na tarar kafin in kai sama.

Ban karanta komai ba ranar. Na zauna ina kallonsu suna isowa, suna haki, harshe waje, kowa da lamba a ƙirji. Hanyar ma ba ta hagu suka bi da ita ba, sun ga bayan kukar ya fi shimfiɗa, sai suka ratsa ta tsakiya. Mutum arba'in da wani abu, 'yan ƙungiyar da baƙinsu, suka tattake wurin, zuwa da dawowa. Wani ya fasa ledar ruwa a kansa ya yar da ita a gindin rumbun da ya ciyar da gida guda shekara da shekaru.

Na tare Kyaftin yana ɗaga wa mai hoto yatsu biyu.

"Ina kuka samo duwatsun nan?"

"A zube suke a can baya. Kin ga yadda suka karɓi fenti? Kamar don mu aka gyara su."

"Ba na ce muku makabarta ce ba?"

"Mun duba, wallahi. Ba tudu ko ɗaya, ba katako, ba komai. Muka ce tana can gaba." Ya juya wajen taubashina. "Ko ba haka aka yi ba?"

Taubashina, jikan matar da uwarta ke kwance a wurin, ya ce haka aka yi. Shi ya ɗauko huɗu da kansa, ya ƙara da cewa nauyi gare su kamar me.

"Kada ki damu, Malama," in ji Kyaftin. "Mu fa tarihinku muke fito da shi. Da can wa ya san da wurin nan?"

Kwana uku ina juya yadda zan gaya wa Kaka. Da na faɗa, ba ta yi kuka ba. Ta nemi mayafinta ta ce a kira mata mijin nata, haka take kiran taubashina cikin wasan jika da kaka, amma ranar babu wasa a muryarta. Washegari muka hau Keke Napep zuwa tasha, muka shiga mota, muka ƙarasa a kan mashin.

Ta bi alamun gudun ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. A na bakwai hannunta ya tsaya. Yana jingine a wata kwana, kibiyarsa tana nuna sama.

"Ga ta," ta ce, da Hausarta mai nauyin yarensu. "Daga ina ka ɗauko ta?"

"Kaka, ai duk wuri ɗaya suke."

"Wuri ɗaya kake kwana da maƙwabcinku?"

Muka je bayan kukar. Na yi fatan in ga gurbin kowane dutse, inda ciyawa ba ta tsiro ba. Ƙafafu sun kwantar da ciyawar, sun murje ƙasar, an kuma yi yayyafin ƙarshen damina a kai. Na iya gane gurbi biyar, su ma da ƙyar. Kaka ta juyo gare ni.

"Ke fa, 'yar boko? Shekara nawa kina rako ni. A ina nake zama?"

Na duba dama, na duba hagu. Na san launin sararin sama a wurin, na san kukan kowane tsuntsu. Ban san inda take zama ba. Rainin da nake yi wa masu gudu, ranar sai da na ɗebi rabona a ciki.

Saura dabara ɗaya. Na ce taubashina ya buɗe wayarsa, ko akwai hoton wurin kafin su taɓa shi. Ya buga wa Kyaftin ya turo nasa. Muka zauna a inuwar kukar muna wucewa da yatsa. Hotuna sun fi ɗari biyu. Fuskoki ne, haƙora, takalma, agogo, gwangwanin fenti an ɗaga shi kamar kofin gasa. A guda ɗaya kawai duwatsun suka fito a kwance, can a gefe, kafaɗar Kyaftin ta rufe rabinsu.

"To mu ajiye shi a ɗaya daga cikin gurbin nan mana," in ji taubashina. "Allah ai ya san mai shi."

"Allah ya sani, ni ban sani ba," in ji Kaka. "Ba zan kife dutsen uwata a kan wata ba. Ita ma tana da nata."

Ta tsaya a tsakiyar filin, ba ta zauna ba, ta ɗaga hannu ta yi wa dukansu addu'a gaba ɗaya. Sauran goman ta sa taubashina ya kwaso ya jera su a gindin kukar, a kife, don ta ce masu su ba su da wanda zai zo ya shafa. Na mahaifiyarta kuwa ta naɗa masa gammo da ɗankwalina ta ce ya ɗauka.

Gwanin gudun dutse ya sauke kayan sau shida kafin mu kai ƙasa. Kaka tana bayansa da sandarta, duk lokacin da ya tsaya sai ta tsaya ta jira shi, ba ta ce masa sannu ba.

Dutsen yana bayan ɗakinta yanzu a Yerimaram, a kife a kan ƙasar da ba kowa a cikinta. Na goge shi da kananzir, na goge da fetur, jan ya shige cikin ramin ya zauna. An yi girbi sau biyu tun daga lokacin. Duk sanda na ce mata mu shirya mu hau, sai ta tambaye ni wajen wa za mu.