Shekarar da Kura Ta Daina Dariya

A gidanmu na Lamashegu, a Tamale, tatsuniya ba ta farawa sai Kaka Lami ta kankare tukunyar tuwo ta jawo kujerarta kusa da murhu. Mu jikoki mu zagaye ta bayan magariba, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Kaka gwana ce wajen kwaikwayon muryoyi, amma abin da muke jira kullum shi ne dariyar kura. Takan wangale baki har mu hango haƙoran da goro ya rina, ta saki wata irin dariya da ke firgita awakin maƙwabta.

Sai shekarar yunwa ta zo, wadda wutar daji ta cinye gonaki. Abincinmu ya koma jar masarar agaji safe da yamma, miya kuwa sai dai sunanta. Autarmu Zuwaira gefen bakinta ya tsattsage, harshenta ya yi ja, ko koko ta kurɓa sai kuka. Ta fara ƙin abinci, kuma a irin wannan shekara yaron da ya ƙi ci kowa ya san inda ya dosa.

Kaka ce ta goya ta zuwa asibiti. Ta dawo da 'yan ƙwayoyi rawaya ƙulle a bakin zaninta, waɗanda ake kira bi-ko, wato haɗin bitamin B. Nas ta ce guda ɗaya a rana bayan an ci wani abu, kuma a nema wa yarinyar gyaɗa ko wake.

Washegari fitsarin Zuwaira ya fito launin ɗorawa. Maame Akosua, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, ta duba ta ce wa mahaifiyarmu da guntuwar Hausarta, "Ka gani? Magani duka ya fita. Ɗaya bai isa. Ba shi uku-uku, gobe zai ci kamar soja."

Da yamma Inna ta miƙa hannu tana neman ƙullin don ta ƙara wa yarinyar. Kaka ta gyara zama ta danne bakin zanin da cinyarta.

"Zauna tukuna, Hajara. Tatsuniyar yau taki ce." Sannan ta dube mu. "Ku matso, ga wata ta taso daga bayan gari."

Wai wata mata ce fari ya ƙone mata gona, sai shukar kuɓewa ƙwaya ɗaya ta rage. Ta gamu da wata tsohuwa a gindin kaɗanya, tsohuwar ta ba ta goran ruwan sama, ta ce ludayi ɗaya kowace safiya, kada ta ƙara. Matar na cikin zubawa kura ta zo wucewa, ta ce, "Ludayi ɗaya? Juye duka mana, gobe ki sha miya." Matar ta juye. Ƙasa ta sha iya cikinta, sauran ya malale ya tafi da saiwar, ga gora babu komai.

A daidai nan kura ke dariya. Muka gyara zama, amma Kaka sai cewa ta yi, "Sai kura ta yi dariya ta wuce," da baki kusan a rufe. Muka yi ta ƙorafi.

"Ita ma kurar yunwa take ji bana," in ji ta. "Ku bar ta ta huta."

Inna ta janye hannunta. Daga ranar, kowace yamma Kaka kan daka 'yar gyaɗa ta ba Zuwaira, ta bi ta da ƙwaya ɗaya, sannan tatsuniya. A hankali bakin ya warke, yarinya ta koma wawurar tuwo.

Sai da na girma Inna ta faɗa mini sauran. Ƙulli biyu nas ta bayar, ɗaya na Kaka ne, don ita ma bakinta ya tsage. Ta san in na yarinyar ya ƙare ba lalle a samu wani a asibiti ba, sai ta adana nata. Takan shafa man kaɗe, ta zauna ta ba wuta baya don kada mu gani. Da ta wangale baki, jini zai fito. Ba ta kai kakar shekara ta gaba ba.

Yanzu ni ma likita ya ɗora ni a kan bi-ko. Ya ce launin fitsarin rarar da jiki bai buƙata ce ke fita, ba abin tsoro ba ne, amma akwai irin da in aka daɗe ana zarce ƙima yakan taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Na saurare shi ina ganin ludayin Kaka.

Zuwaira ta yi jikoki, ita ke ba su tatsuniya a unguwar Vittin. Ba ta tuna muryar Kaka, ta yi ƙanƙanta a lokacin. Rannan ta ce, "Yaya, don Allah yi mini dariyar kurar nan da kuke ta faɗa."

Na buɗe baki zan yi, sai kuka ya riga ta fitowa.