Ranar da na sa baki a wasan ces

Shekarun baya, lokacin da ake ginin madatsar Bakolori, ina tuƙa motar ma'aikata daga Talata Mafara zuwa wurin aiki. Ina da wani abokina ɗan Maradun, mai awon ƙasa, da ya iya ces, wato darar Turawa, har sunansa ya shiga jerin gwanayen da ake ba maki gwargwadon ƙwarewarsu. Ni kuwa darar gida na sani, ta gindin bedi, inda 'yan kallo suka fi masu wasa surutu.

Aka shirya gasa a kulob ɗin ma'aikata, wanda ya ci, shi za a tura babbar gasa a Kaduna. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin abokina da wani injiniya Bature da ya fi shi maki. Abokina ya gayyace ni, amma ya roƙe ni in kama bakina. Na ce ai ni ba yaro ba ne.

Ana farawa abokina ya tura ɗan wasan da suke kira soja, na gaban sarauniya, ya ƙara tura na gefensa inda Baturen zai cinye shi a banza. Na duba, ban ga mai kare shi ba. Ban san sa'ad da na miƙe ba, na ce, "Malam, wanga soja kyauta ka bayar, maido shi."

Alƙalin wasa ya tsayar da agogon da ke ƙirga lokacin wasa, ya ce an hana ba ɗan wasa shawara, kuma yana iya ba Baturen wasan. Abokina ko kallona bai yi ba. Baturen ne ya yi dariya, ya ce a ci gaba, shawara irin wannan ba ta cuci kowa ba. Aka fitar da ni, na zauna cikin mota ina zufa ina istigfari.

Bayan la'asar abokina ya fito, ya buɗe ƙofa ya zauna. Ya ce ya ci. Da gangan ya miƙa sojan don ya kama tsakiyar fage.

"Buɗin wasa ne da kowa ya sani a ɗakin nan," in ji shi, "in ban da kai, direba."

Na nemi gafararsa, ya yafe tun kafin mu kai gida. Ba ƙaunarsa kaɗai ta tayar da ni ba, har da son a ce ni ma na iya, kuma wannan halin na daɗe ina fama da shi. Ya je Kaduna, ni na kai shi tasha. Har yau in na tuna na kusa hana shi tafiyar nan, sai in gode wa Allah da ya tsayar da abin a kan kunyata ni kaɗai.