Ranar da Na Kai Maganar Gawo Goronyo

Mun fito daga gida a Marnona ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da taubashina wanda muka yi ƙuruciya tare muka tsufa tare, da malamar firamaren garinmu, Kirista ce 'yar ƙasar Zuru, ta daɗe a cikinmu har jikokina suna ce mata inna. Goronyo muka nufa. Gwamnati ta tsara wasu sababbin dokoki kan itatuwa da ruwa da sauyin yanayi, ta ce kafin a sa hannu tana son jin bakin mutanen Wurno da Rabah da Goronyo. Ku da kuka yi ta tambayata yadda aka ƙare, ga shi na zauna na rubuta. Ku yi haƙuri da rubutun, bokona bai wuce aji huɗu ba.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni, don ni ba mutumin taro ba ne. Mako guda kafin nan malama ta karanta mana takardar dokokin a ƙofar mai gari. Yawancinsu sun yi mana daɗi: za a raba dashe, za a riƙa sanar da mutanen fadama kafin ambaliyar ruwa ta sauko musu. Sai ta zo wani wuri da ya ce duk iccen da ke cikin gona za a ƙidaya shi a shafa masa fenti, kuma ko reshe mutum ba zai sara ba sai ya karɓo takardar izini. Babban ɗana yana wurin. Shi ke noma gonarmu ta gado yanzu, kuma shekara shida ke nan yana barin tohon gawo in ya fito, ya zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi ya datse sauran. Sun haura talatin, wasu sun fi ɗaki tsawo, geron da ke ƙarƙashinsu kuwa sai ka rantse taki aka zuba masa. Da muka koma gida ya ɗauko gatari ya hau wasawa.

Ya ce, "Baba, ni ba ni renon icce a zo a shafa mai fenti a ce ba nawa na ba. Kahin su zo ƙidaya na share su duka."

Na roƙe shi ya jira in je Goronyo in dawo. Ya ce ya ji, amma washegarin taro zai shiga sassabe, don damina ba ta jiran kowa.

A tasha mota ba ta tashi ba sai da rana ta fito sosai, kowa ya san hanyoyinmu yanzu sun fi son a bi su da ido buɗe. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani bara. Na yi ƙorafi, direba ya ce in je in yi wa mai gidan mai. An cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, bayanmu buhunan albasa ne har rufi, warinsu ya riƙe mana hanci har muka sauka. Taubashina ya dubi babbar rigata da na sa wa shuni ya ce, "Bawana, zance za ka ko taro? Bazawarar Goronyo ba ta son marar haƙori." Na ce masa ai shi ya sa na taho da shi, in ta gan shi sai ta gode Allah da ni. Malama ta yi ta dariya har ta rufe fuska da gyale.

Hanyar ba ta da laifi, sai wurare biyu uku da kwalta ta cinye, direba ya sauka gefe ya bi turbar 'yan babur. An tsayar da mu a shinge sau biyu, aka leƙa fuskokinmu, aka ce Allah ya kiyaye. Bazara ce, zafi ya fara tun da hantsi. Dama da hagu gonaki ne fetal, wasu har an yi musu sassabe an tara kara ana ƙonawa. Sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga icce ɗaya, shi ma awaki da mutane sun taru a inuwarsa kamar ana rabon zakka. Malama ta ce ita abin yana ba ta mamaki, ƙasa mai faɗi haka ba inuwa. Taubashina ya ce fari ne ya cinye su tun muna samari. Ni dai na juya fuska ga taga.

Ga dalilin da ya sa na juya fuska. Ina saurayi, gonarmu tana da manyan gawo goma sha ɗaya da kakanmu ya bari. Wata rana na hau ɗaya na saro wa ragona reshe, sai ga wani ma'aikacin daji. Ya ƙwace gatarin, ya kai ni gaban mutane, aka ci mahaifina tara a kan iccen gonarsa. Na ga yadda tsohon ya sunkuyar da kai. Daga ranar na ƙulla gaba da gawo. Duk tohon da ya fito sai na tone shi da saiwarsa. Manyan kuma na yi musu dabara: in tone ƙasar gindin, in kankare ɓawon zagaye a inda ido ba ya kaiwa, in mayar da ƙasa in rufe. Shekara ta zagayo icce ya bushe a tsaye, a ce fari ne, a sare shi ba tara. Haka na gama da su ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan shekaru iska ta fara kwashe ƙasar gonar, gero ya fito rairayi ya binne shi, inda muke ɗaure dami ɗari ya koma ba a kai rabi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har 'ya'yana.

Wajen Taloka muka tsaya sauke wata mata da buhun tafarnuwa. Muka sayi hoce, gurasar dawa irin tamu, da ƙosai a hannun wata tsohuwa, ƙosan ƙanana kamar ƙwallon magarya, amma da zafinsu da yajinsu. Daga nan ƙasa ta fara canza launi. Albarkar ruwan dam ɗin Goronyo, sai ga kore shar a tsakiyar bazara: shinkafar rani, albasa, tattasai, injunan ban ruwa suna ta kuka. Na ji daɗi a raina. Duk wanda ya ce mutanenmu malalata ne bai ga manomin fadama tsaye cikin laka da tsakar rana ba.

Mun shiga Goronyo da hantsi. A wani babban ɗakin taro aka yi, an jera kujerun roba, mata gefe guda maza gefe guda, aka raba ruwan leda. Ɗakin ya cika har taga. Hakimai da masu gari a gaba, sai ma'aikata huɗu daga Sakkwato a kan tebur. Shugabarsu wata mace ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, Hausarta tsaf. Ta karanta dokokin ɗaya bayan ɗaya, ta ce kowa minti uku gare shi, kuma akwai mai ƙararrawa. Wani bawan Allah ya tashi ya fara gaisuwa tun daga mai girma wane har mai girma wane, ƙararrawa ta kaɗa bai kai ga buƙatarsa ba, ya zauna yana cewa ai dai an gaisa. Wani Bafulatani daga ƙasar Rabah ya yi magana mai ma'ana kan burtali da mashaya. Wata mata daga Boyekai ta ce a hana sarar icce ta yarda, amma a faɗa mata da mi za ta dafa tuwo. Aka tafa mata sosai. Maganar fenti da izini kuwa ba wanda ya taɓa ta. Da aka tambaya, sai aka amsa da "Mun yarda!" kamar ana amsa addu'a.

Na san wannan yardar. Irinta muka yi a da, muka koma gida muka wasa gatari. Na ɗaga hannu, na miƙe tsaye. Taubashina ya ja mini riga ya ce, "Kai, mi kaka shirin yi? Zamna!" Ban zauna ba.

Na ce, "Ranku shi daɗe, ni ban iya jawabi ba, laihina na zo in hwaɗi." Na ba su labarin ragon da tarar, da yadda na kashe gawo goma sha ɗaya a ɓoye, har yadda ake tone gindin na kwatanta da hannu. Na ce ba fari ya kashe su ba, ni ne, kuma tsoro ya sa ni. Iccen da zai ja wa mutum tara a gonarsa, ba zai bar shi ya girma ba. Na ce yanzu haka ɗana yana gida da gatari a wase, yana jiran abin da zan zo da shi. Ƙararrawa ta kaɗa, shugabar ta ɗaga wa mai ita hannu ya bari.

Na ji wani a baya yana cewa tsohon nan ya kai kansa. Ni ma na ɗauka daga nan sai ofishin 'yan sanda. Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Baba, ba wanda zai taɓa ka. Amma ina son in sani, kai kaɗai ne ko akwai wasu?" Can sai na ji kujerar kusa da ni ta yi ƙara. Taubashina ne ya miƙe, shi da ya gama cewa fari ne a mota.

Ya ce, "Hajiya, wanga bawan nawa bai iya komi ba sai abin da ya gani wurina. Shi goma sha ɗaya, ni har tsamiya na kashe."

Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don wani dattijo a layin gaba ya ɗaga hannu, wani ma ya ɗaga, sai ga hannaye masu furfura ko'ina, har da wani mai rawani. Ban ƙidaya ba, idona ya cika da ruwa. Na sha ganin mutanenmu sun taru don biki ko jana'iza, amma ban taɓa ganin dattawa sun taru sun amsa laifi a gaban 'ya'yan cikinsu ba. Ranar na yi alfahari da ƙasar da aka haife ni.

Daga nan magana ta buɗe. Aka shafe kusan awa guda a kan wannan wuri kaɗai, ana ja ana saki. Wani ma'aikaci ya ce in an sake wa mutane, masu gawayi za su gama da daji. Aka ce masa daji daban, gona daban. A ƙarshe shugabar ta rubuta, na roƙe ta ta karanta mana da Hausa, ta karanta: mutanen ƙananan hukumomin nan uku suna neman iccen da manomi ya rena a gonarsa ya zama nasa, ya yi masa aski ya ciyar da dabbarsa ba takarda, sai in babban icce zai kayar ne ya sanar da mai gari. Ta ce ba ta yi mana alkawari ba, ba ita ke sa hannu ba, amma za ta kai yadda muka faɗa. Gaskiyarta ta fi mini alkawari daɗi. Malama ta matsa ta nemi izini ta ɗauki hoton shafin da wayarta.

Bayan azahar muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi a wata rumfa kusa da tasha. Kifin Goronyo ba ya buƙatar talla. Taubashina ya cinye kan nawa ya ce ladan ceton da ya yi mini ne. Ba mu tsaya yawo ba, muka kama mota don mu isa da rana.

La'asar sakaliya muka sauka Marnona. Ban shiga gida ba, na wuce gona, malama ta bi ni da wayar. Ɗana yana can zaune a gindin gawo, gatarin a gefensa. Ashe labari ya riga ni, wani ya buga masa waya tun daga ɗakin taron. Malama ta nuna masa hoton, ya karanta a hankali ya ce, "Wagga takarda ce kawai, Baba, ba doka ba." Na ce haka ne. Na ce in sun zo da fenti duk da haka, ni zan tsaya a gabansu in sake faɗin abin da na faɗa, ko sau nawa ne. Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Kullum kana ce muna fari na." Na ce ƙarya na yi muku, ku yafe mini.

Ya tashi ya ɗauki gatarin. Ya ce in biyo shi. Ya kai ni kusurwar gabas, inda babban gawon da na saro wa rago reshe yake a da. Akwai wani toho a wurin, ya kai ƙugu, rassa biyar a cunkushe. Ya ce shekara uku yana mamakin mi ya sa nan ya fi ko'ina tsiro. Ya miƙo mini gatarin ya ce, "Zaɓi wanda za a bari."

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. In gwamnati ta ce tana son jin bakinka, kada ka je ka amsa mata amin, ka kai mata abin da ka sani ko da shi ne abin kunyarka. Ban san yadda dokar za ta fito ba. Na dai san na zaɓi reshen tsakiya, na datse huɗun da hannuna, kuma washegari ɗana ya yi sassabensa ya kewaye gawo duka.